La'adar Dillali da Makomar Sabon Lauya

Wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, wani ɗan ƙanena wanda bai cika shekara biyu da sa baƙar riga da hular lauya ba ya iske ni a zaure, ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baffa, don Allah duba mini wannan saƙo, ka gaya mini abin da ka gani a ciki." Saƙon kuwa daga wata mata ne, ma'aikaciya a ɗaya daga cikin kamfanonin nan na Legas waɗanda sana'arsu ita ce farauto wa bankuna da manyan ofisoshin lauyoyi ma'aikata. Ta ga sunansa a LinkedIn, ta yaba da sakamakon da ya fito da shi daga makaranta, ta yi masa magana mai laushi wadda babu raini a cikinta, kana ta ba shi shawara ya daina ƙarar da ƙuruciyarsa a zirga-zirgar kotu, ya koma sashen shari'a na wani kamfani da ta sani, domin a ganinta can ne alherin wannan sana'a ya tare. Albashin da ta ambata ya ninka abin da ubangidansa ke ba shi har sau huɗu, shi kuwa yaro ne mai niyyar aure, ga mahaifiya da ƙanne suna duban hannunsa.

Da na gama karantawa sai na yi masa tambaya guda, na ce, "To, ɗana, wannan baiwar Allah da ta ɗauki lokacinta ta nemo ka, ta karanta takardunka, ta rubuto maka wannan dogon bayani, wa zai biya ta ladan wahalarta?" Ya yi shiru ya sunkuyar da kai, can ya ce wallahi abin bai taɓa zo masa a rai ba. Wannan shiru nasa shi ne sababin wannan maƙala, domin na tabbata ba shi kaɗai ba ne. Samari da 'yan mata masu yawa waɗanda suka kwashe shekara biyar a jami'a, suka ƙara guda a makarantar horas da lauyoyi, suka koyi cewa ba a karɓar shaidar mutum sai an binciki ko yana da wata riba a cikin shari'ar, su ne kuma, idan aka zo kan rayuwarsu ta kansu, suke karɓar nasihar baƙo ba tare da sun yi masa wannan bincike ba.

Tun da fari ya wajaba in kawar da wata shubuha, kada mai karatu ya zaci zargi nake yi. Abin da matar nan take yi sunansa dillanci, dillanci kuwa halattacciyar sana'a ce mai daɗaɗɗen asali, wadda ba don ita ba da kasuwar shanu ta Wudil ko ta hatsi da ke Dawanau ba su ci ba ko da yini guda, domin baƙon da ya koro dabbobi daga nesa bai san mai saye ba, mai saye kuma bai san amincin baƙo ba, sai an sami na uku wanda ya san su duka biyu ya tsaya a tsakani. Imamu Buhari ya keɓe babi guda a cikin Sahihinsa a kan ladan dillali, inda ya ambaci cewa magabata irin su Ibnu Sirina da Hasanul Basari ba su ga laifinsa ba. Fuƙaha'unmu na Malikiyya kuwa sun yi bayanin wani nau'in ƙulla yarjejeniya da suke kira ju'ala, watau a yanka wa mutum lada bisa sharaɗin ba zai karɓi kome ba sai aiki ya kammala, kamar wanda aka ce ya nemo raƙumin da ya ɓace: in ya kawo shi a ba shi abin da aka yanka, in kuwa bai kawo ba, ko da ya yi kwana arba'in yana yawo a daji, ba shi da abin nema a hannun mai raƙumi. Duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya bi ta kan wannan mas'ala, wanda kuwa ya fahimce ta ya riga ya fahimci rabin abin da nake son faɗi.

Dillancin lauyoyi a Ingila da Amurka ya bunƙasa, inda ake samun ofishi guda mai lauya dubu ko fiye, daga can ya iso Legas da Abuja tare da manyan ofisoshin da ke yi wa kamfanonin mai da bankuna da kamfanonin sadarwa aiki. Ƙa'idarsa a can sananniya ce ga kowa. Ofishin da ya ɗauki lauyan shi ke biyan la'ada, lauyan ba ya biyan ko sisi, la'adar kuwa wani kaso ce na albashin shekarar farko, wanda galibi yakan kai kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, kuma mafi yawanci ba a biya sai lauyan ya sa hannu ya kama aiki. Ke nan ju'ala ce tsantsa, lauyan kuma, in ya yi mini afuwa, shi ne raƙumin. Natijar wannan a fili take: shawara guda wadda dillali ba ya cin kome a kanta ita ce ya ce maka ka zauna inda kake. Ban ce ba a samun masu faɗin haka ba, domin akwai masu tsoron Allah a cikinsu, akwai kuma masu hangen nesa waɗanda suka san cewa yaron da suka gaya wa gaskiya yau shi ne babban lauyan da zai zo neman ma'aikata a hannunsu nan da shekara goma. Ga shi kuma a yawancin yarjejeniyoyin nan, idan wanda aka kawo ya bar aikin cikin 'yan watanni, sai dillali ya mayar da wani abu daga la'adarsa, wannan ma yakan hana su gaggawa. Amma duk da haka hankali ba ya yarda mutum ya ɗora rayuwarsa a kan fatan cewa wanda ke gabansa zai saɓa wa maslahar kansa domin tasa.

Akwai wata natija ta biyu wadda ta fi wannan ɓoyuwa. Dillali ba ya kai kaya sai inda ake biyansa. Ma'aikatar Shari'a ta jiha ba ta biyan la'ada, Hukumar Agajin Shari'a da aka kafa a 1976 domin tsaya wa talakan da ba shi da halin ɗaukar lauya ba ta biya, tsangayar shari'a ta jami'a ba ta biya, haka nan ƙananan ofisoshin nan na Kano da Kaduna da Jos, masu lauya uku ko biyar, inda da yawa daga cikin alƙalanmu da gogaggun lauyoyinmu suka koyi aiki. Saboda haka idan sabon lauya ya tambayi dillali hanyoyin da ke gabansa, abin da za a zana masa shi ne hanyoyin da ke zuwa gidajen abokan cinikin dillalin, sauran kuwa ba za a ambace su ba, ba don mugunta ba, sai don ba sa cikin littafinsa. Dillalin shanu ba zai taɓa ce maka ka sayi gona ba, ko da gona ce alherinka.

To, ashe ke nan a guje su? A'a, wanda ya guje su ya cuci kansa, domin akwai wani ilmi a hannunsu wanda ba a samunsa a jami'a, ba a kuma samunsa wajen tsofaffi irina. Dillali ya san farashi. Ya san abin da ake biyan lauya mai shekara uku a banki, da abin da ake biyan takwaransa a kamfanin sadarwa, alhali kuwa albashi a wannan sana'a tamu abu ne da ake ɓoyewa kamar cikin fari, kowane yaro yana karɓar abin da aka miƙa masa ba tare da ya san ko an yi masa adalci ba. Ya san ofishin da ba a shekara biyu a cikinsa sai a gudu, ya san dalilin gudun, ya san wanda suna ne kawai gare shi da wanda ake koyar da aiki a cikinsa da gaske. Ya san fannin da ake nema a bana, kamar yadda dokar man fetur ta 2021 da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 suka buɗe ƙofofin da a da babu su. Ya karanta takardun neman aiki ɗaruruwa, yana iya duban taka cikin minti biyu ya nuna maka inda ka yi tsawon da ba shi da amfani da inda ka binne abin da ya kamata ya zo a gaba. Duk wannan ilmi ne mai daraja, kuma ya halatta ka ɗebe shi kyauta, tun da wani ne ke biya. Abin da nake jan kunne a kansa shi ne a san iyakar tambayar da za a yi masa. A tambaye shi nawa kasuwa take, wa ke saye, me ake nema. Amma tambayar wane irin lauya ya kamata ka zama, wannan ba a kai ta kasuwa.

Bari in koma kan shawarar da aka ba ɗan ƙanena, domin a cikinta ne nauyin maganar yake. An ce masa ya bar kotu ya shiga kamfani, ba a kuwa gaya masa abin da zai bari a bakin ƙofa ba. Ƙa'idojin ɗa'ar aikin lauya a Najeriya sun hana lauyan da ke cin albashin wani ya tsaya a gaban kotu a matsayin mai ba da hujja a madadin wanda ya ɗauke shi, sai fa lauyan gwamnati da ke aiki a ma'aikatarta. Ma'anar wannan ita ce, daga ranar da yaro ya karɓi wancan albashi mai ninki huɗu, rigarsa da hularsa sun shiga akwati. Zai riƙa rubuta yarjejeniyoyi, yana duba takardun lamuni, yana halartar tarurruka, idan shari'a ta taso kuma sai ya ɗauko lauyan waje ya miƙa masa fayil, shi ya zauna a baya yana saurare. Ba na raina wannan aiki, haƙiƙa aiki ne mai mutunci, kuma yana da tasa ƙololuwa, tun da dokar kamfanoni ta 2020 ta lissafa lauya cikin waɗanda suka cancanci riƙe muƙamin sakataren babban kamfani mai sayar da hannun jari ga jama'a, akwai kuma mutanen da Allah ya halitta da irin natsuwar da wannan aiki ke bukata, waɗanda hayaniyar kotu azaba ce a gare su. Amma wajibi ne wanda zai zaɓe shi ya zaɓa da idonsa biyu.

Dalili kuwa shi ne, manyan muƙaman wannan sana'a duk an ɗaure su da shekaru. Tsarin Mulkin 1999 ya shar'anta shekara 10 da zama lauya kafin a naɗa mutum alƙalin Babbar Kotu, shekara 12 ga Kotun Ɗaukaka Ƙara, shekara 15 ga Kotun Ƙoli. Lambar Babban Lauyan Najeriya, watau SAN, wadda aka fara bayarwa a 1975 ga Cif Rotimi Williams da Dokta Nabo Graham-Douglas, ita ma sai bayan shekara 10, kuma mai nemanta ta hanyar aikin kotu sai ya baje shari'o'in da ya tsaya a kansu da kansa, daga Babbar Kotu har zuwa Kotun Ƙoli. Shekarun nan za su wuce wa kowa, na kotu da na kamfani, amma ranar tantancewa abin da aka zuba a cikinsu ake dubawa. Na kuma lura, a tsawon zamana cikin wannan aiki, cewa lauyan da ya yi shekara biyar yana tsayuwa gaban alƙali, idan ya so shiga kamfani, da hannu biyu ake karɓarsa, domin ya san yadda yarjejeniya ke tsinkewa idan an je kotu, saboda haka ya san yadda za a ɗinka ta tun daga farko. Amma wanda ya yi shekara biyar a kamfani, sa'an nan ya so komawa kotu, sai ya koma ya zauna a layi ɗaya da waɗanda ya girma, ya koyi yi wa shaida tambayoyi yana da furfura, ga iyali da suka saba da wancan albashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, harshen lauya ma haka yake. Wannan bayani ba shi cikin saƙon matar nan, ba na kuma ganin laifinta, domin wanda ya aike ta ma'aikaci ya ce ta nemo masa.

Akwai wani abu kuma da ya keɓanci 'ya'yanmu na Arewa, wanda yake ci mini rai ƙwarai. Yaron da ya fito daga Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Bayero da digirin da ya haɗa dokar Turawa da shari'ar Musulunci yana ɗauke da wata dukiya wadda takardar da dillalin Legas ke cikewa ba ta da gurbin rubuta ta. Yana jin Hausa, watau yana iya zama da manomin da aka ƙwace wa gona ya ji ainihin kokensa ba tare da tafinta ba. Ya san fara'ili, watau rabon gado, wanda ke cika kotunanmu tare da rigimar aure da ta fili. Ya san kundin hukunta laifuffuka na Arewa da ya fara aiki a 1960, wanda aka tsara bisa tafarkin na Sudan, ya kuma bambanta da wanda ake bi a Kudu. Watakila ma yana iya buɗe littattafan fiƙihu irin su Muhtasar ko Tuhufa ya karanta da Larabcinsu. Wannan gado ne mai tushe, domin tun 1934 aka kafa makarantar shari'a a Kano, aka kawo shehunnai daga Sudan suna horas da alƙalai, kusan shekara talatin kafin a buɗe makarantar horas da lauyoyi ta Legas. Idan irin wannan yaro ya je gaban wanda bai san darajar waɗannan abubuwa ba, sai a auna shi da mudun da ba nasa ba, a ce masa ba shi da gogewa a harkar hannun jari, Turancinsa kuma da sauran gyara, ya dawo gida yana jin kansa ƙasa da kowa, alhali zinariya ce aka kai kasuwar ƙarfe.

Ita kuwa zinariyar tana da masu saye. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu bankunan da ba sa mu'amala da riba suka biyo bayansa, Gwamnatin Tarayya kuma ta fitar da sukuk ɗinta na farko a 2017 na naira biliyan 100 domin gina hanyoyi, ta ci gaba da fitarwa bayan nan. Kowace yarjejeniyar murabaha ko ijara da waɗannan cibiyoyi ke ƙullawa tana bukatar lauyan da ya san dokar ƙasa ya kuma san fiƙihun ciniki, irin waɗannan kuwa ba su da yawa. Ga kuma kujerar Ƙadi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda Tsarin Mulki ya buɗe ga lauya mai shekara 10 da ke da shaidar ilmin shari'ar Musulunci. Wanda zai yi magana da dillali, to ya faɗi waɗannan abubuwa da bakinsa, kada ya jira a tambaye shi, ya kuma lura da fuskar mai sauraro. In ya ga bai gane abin da ake nufi ba, ya san cewa wannan ba dillalin kayansa ba ne.

Sai maganar miyagu, waɗanda suka ari rigar dillalai alhali ba su ba ne. Alamarsu guda ce, kuma ba ta ɓuya: suna neman kuɗi daga hannun mai neman aiki, su kira shi kuɗin rajista ko na fom ko na horo. Asalin ƙa'ida a duniya ita ce mai neman aiki ba ya biya. Ingila ta haramta haka tun dokar da ta yi a 1973, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tabbatar da shi a yarjejeniyarta mai lamba 181 ta 1997, wadda Najeriya ta rattaba wa hannu a 2023, dokar ƙwadagonmu kuma ta shar'anta wa masu wannan sana'a lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, don haka babu rashin kunya idan ka nemi a nuna maka shi. Sun fi yin farauta a cikin masu sha'awar ƙetare, suna yi musu romon baka da aiki a Landan ko Kanada. Gaskiyar lamari kuwa ita ce hanyar a rubuce take ga kowa: a Ingila, tun 2021, lauyan waje yana bi ta jarrabawar da ake kira SQE, a Kanada kuma akwai kwamitin da ke tantance takardunsa ya yanka masa darussan da zai sake. Bin waɗannan hanyoyi share fagen samun izinin aiki da sana'ar kawai yake yi, ba ya haɗawa da aiki ko biza, duk wanda kuma ya ce yana da wata ƙofar baya, aljihunka yake nufi.

Ko da dillalin na gaskiya ne, akwai ladubba biyu da ba a sakaci da su. Kada a bari ya aika takardar bayaninka, wadda ake kira CV, zuwa wani ofishi sai ya ambata maka sunan ofishin ka kuma yarda, domin al'adar sana'ar ita ce, da zarar ya riga ka kai sunanka wani wuri, to har tsawon watanni ofishin nan ba zai ɗauke ka ba sai ya biya shi la'ada, ko da daga baya ka je da ƙafarka. Sau da yawa kuwa ofishi yakan ga cewa sabon lauya bai kai a biya la'ada a kansa ba, tun da ga ɗaruruwa suna kawo kansu kyauta, sai ya zama wanda ya zo ya buɗe maka ƙofa shi ne ya tsaya a bakinta. Na biyu ya fi wannan girma, domin shi amana ne. Idan ana tambayarka ayyukan da ka yi, akwai jarabar ka ambaci sunan wanda ofishinku ke wakilta da abin da ke cikin fayil ɗinsa domin ka burge. Sirrin nan ba naka ba ne balle ka kashe shi wajen neman aiki. Doka ta kare shi, ƙa'idojin sana'a sun kare shi, addini kuma ya riga su. Ka faɗi nau'in aikin da ka yi, ka bar sunaye inda ka same su.

Yanzu sai in juyo kanmu, mu manya, domin ruwa ba ya tsami banza. Me ya sa yaro mai ubangida, mai malamai, mai ƙungiya, zai kai muhimmiyar tambayar rayuwarsa wajen matar da bai taɓa gani ba? Dalili shi ne ita ce ta fara kiran sunansa ta tambaye shi abin da yake so ya zama. Lokacin da aka buɗe makarantar horas da lauyoyi a titin Igbosere da ke Legas, a watan Janairun 1963, ɗalibai takwas ne kacal a aji. Yau tana da hedkwata a Bwari da rassa a Bagauda da Yola da Inugu da sauran wurare, dubbai ake yayewa kowace shekara, yawan nan kuma ya sa yaro ya yi arha a idon wasunmu. Na san ofisoshi inda ake biyan lauya abin da bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka zartar a 2024 ba, na san inda ba a yanka masa kome sai abin da ya samu a kuɗin mota, aikinsa kuma bai wuce ɗaukar jaka da zuwa kotu neman a ɗage shari'a ba. Hujjar da muke kafawa ita ce ai koyon aiki yake yi, mu ma haka muka taso. To, amma almajirin zaure da ke yi wa malaminsa noma, da yamma malamin yakan zaunar da shi ya biya masa karatu layi bayan layi, ya gyara masa kuskure, ya san littafin da zai shiga in ya sauke wannan, ranar da ya ƙware kuma ya ba shi ijaza ya sa masa albarka. Wanda ya karɓi noman bai biya karatun ba, ba shi da ikon kafa hujja da sunnar malamai.

Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya tana da zaure na matasan lauyoyi waɗanda ba su wuce shekara bakwai da fara aiki ba, rassanta kuma suna nan a Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Ban ga abin da zai hana kowane reshe ya riƙa tattara bayanin abin da ake biyan ƙananan lauyoyi a garinsa, ba tare da ambaton sunan kowa ba, ya bayyana shi ga membobinsa, domin ilmin farashi ya daina zama mallakar dillali shi kaɗai. Ban kuma ga abin da zai hana a keɓe yammaci guda a wata, a gayyato alƙali mai ritaya, da lauyan gwamnati, da sakataren kamfani, da malamin jami'a, kowannensu ya faɗi daɗin hanyarsa da ɗacinta, yara su yi tambaya ba tare da tsoron ubangida ba. Wannan ba ya cin kuɗi sai na ruwan sha. Irin waɗannan mutane su ne ma'abota nasiha ta haƙiƙa, saboda ko ka tafi ko ka zauna babu abin da zai ƙaru a aljihunsu, kuma sun riga sun isa inda hanyar ke kaiwa, sun ga abin da ke can.

Abin da na gaya wa ɗan ƙanena a wannan rana bai wuce haka ba. Na ce ya amsa wa matar cikin ladabi, ya tambaye ta sunan kamfanin, da dalilin da ya sa wanda ke kan kujerar ya tashi, da wanda zai biya ta, ya kuma gaya mata kada ta aika takardarsa ko'ina sai da izininsa. Na ce ya je ya gaida mutum biyu da na ambata masa, ɗaya ya shekara ashirin a sashen shari'a na banki, ɗaya kuma bai taɓa barin kotu ba, ya tambayi kowannensu abin da zai sake da za a mayar da shi baya. Bayan shawara kuma ya yi istihara, domin a nan ne muhallinta. Matar ta amsa masa duk tambayoyin ba tare da kwana-kwana ba, har da na la'adar, na kuwa ji daɗin haka ƙwarai. Har yanzu bai yanke hukunci ba, ni ma ban matsa masa ba. Sai dai a makon da ya wuce ya yi abin da kusan shekara biyu bai iya yi ba: ya shiga wajen ubangidansa ya rufe ƙofa, ya gaya masa abin da aka taya shi a Legas, ya ce shi ba tafiya ce ta kawo shi ba, amma yana son a duba albashinsa, yana kuma son a bar shi ya fara riƙe shari'a da kansa. An ƙara masa wani abu, ba mai yawa ba. Ranar Litinin mai zuwa akwai wata shari'ar fili a Babbar Kotu, shi zai tashi ya yi wa shaidan ɗaya ɓangaren tambayoyi, ya kuma kawo mini fayil ɗin jiya da daddare muka zauna a kansa har bayan ƙarfe goma sha ɗaya.